Inshorar Kawo-Mutum: Wa Ake Ɗauka Aiki, Wa Ake Sayarwa?

Me ya rage a hannun saurayin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa da har wani kamfani zai biyo shi da tayin aiki cikin wayarsa? Gonar gidansu mai yiwuwa tana bakin dajin da ba a shiga sai an biya 'yan bindiga harajin noma. Shanun da mahaifinsa ke taƙama da su an kora, ko an sayar an biya kuɗin fansa. Takardar difloma ko digirin da ya samo a Katsina ko Zariya tana ƙasan akwati. Dukiya guda ce ta tsira, wato mutanen da in ya kira za su ɗauka, in ya yi magana za su gaskata: kawu a Kaduna, gwaggo mai sana'a a Funtuwa, yayan da ke aikin gwamnati, abokan firamare, 'yan majalisar mai shayi. Wannan amanar masu tallar inshora ta hanyar kawo-mutum suke nema, kuma duk tsarin ɗaukar aikinsu an gina shi ne don a karɓe ta daga hannun mai ita ba tare da ya ankara cewa ita ya sayar ba.

Sayar da inshora sana'a ce sananniya, wakilin inshora na gaskiya kuwa dillali ne. Kamfani ya naɗa shi, hukuma ta ba shi lasisi, ya nemo mai bukata, ya yi masa bayanin abin da takarda ta ƙunsa, in ciniki ya faɗa ya karɓi kamashonsa. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sheme ya san yadda dillalin shanu ke samun la'adarsa: sai an sallama, an biya, sannan a cire masa nasa. Ba a taɓa cewa sai ya fara sayen sa guda daga hannun shugaban dillalai kafin a bar shi ya shiga kara ba, balle a ce masa arzikinsa na gaske yana cikin kawo wasu dillalai biyar da za su riƙa yanka masa wani abu daga tasu la'adar. To abin da tsarin kawo-mutum, wanda matasa ke kira netwokin, yake cewa ke nan.

Yaudarar tana farawa tun daga talla. Saƙo ne a WhatsApp ko Facebook, ko takarda manne a jikin shagon mai POS: babban kamfanin harkar kuɗi na neman matasa masu kishin kansu, ba a bukatar ƙwarewa, akwai samu mai tsoka kowane wata, gurbi kaɗan ya rage. Sau da yawa babu sunan kamfani, babu sunan aikin, kalmar inshora ma ba ta fitowa sam, domin sun san mutanenmu na ɗari-ɗari da ita. Sai a ce ana neman manajan reshe, ko mai ba da shawara kan dukiya. Wanda ya kira lambar za a ce masa ya yi sa'a, an zaɓe shi, ya zo intabiyu da shiga mai kyau. Ya ranci kuɗin mota ya tafi birni, ya tarar da ɗakin taro na otal cike da irinsa. Babu mai tambayarsa abin da ya karanta ko aikin da ya taɓa yi. Ana tafi, ana shewa, wani mai kwat yana nuna hotunan motoci da na yawon Dubai, yana cewa shi ma shekarun baya acaɓa yake yi. Ana kushe aikin albashi a kira shi bauta. Duk wanda ya zo an ɗauke shi, wanda wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali tsayawa: a ƙasar da dubban mutane ke rububin gurbi goma, wane aiki ne ba ya mayar da kowa?

Sai a zo kan kuɗi. Akwai kuɗin rajista, kuɗin horo, kuɗin manhajar waya da ake biya wata-wata. Daga nan a ce ba zai iya sayar da abin da bai yarda da shi ba, don haka ya fara yankar wa kansa inshorar. Kafin ya samu ko kwabo ya riga ya zama mai saye, kuma wanda ya kawo shi ya riga ya ci kamasho a kansa.

Amma zuciyar al'amarin tana cikin darasin farko. Za a ba shi takarda da biro a ce ya rubuta sunan mutum ɗari da ya sani, da lambobin wayarsu, ya sa alama a gaban masu aure, masu 'ya'ya, masu albashi. Za a koya masa abin da zai faɗa kalma da kalma. "Kawu, don Allah ka ba ogana minti goma. Koyon aiki nake yi, ba sai ka sayi komai ba." Kawu kuwa me zai ce? "Ai tunda kai ka kawo shi, ɗan nan, ba komai, ku zo." Da ogan ne ya buga ƙofa shi kaɗai da ba a ba shi ko tabarma ba. Yanzu ga shi zaune a zaure ana kawo masa ruwa, albarkacin ɗan 'yar'uwa. In kawu ya saya, kamashon na oga ne, ko mafi yawansa, tunda yaro bai da lasisi tukuna, ana cewa horo yake samu. Haka za a bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar da suka ƙare, ranar amfanin yaron ya ƙare, sai dai in ya yarda ya koma farauta: ya kawo wasu matasan da za su rubuta nasu sunayen ɗari. In ya gaji ya bari, za a ce masa raggo ne, bai da zuciyar neman arziki. Yawancinsu sukan yarda da wannan hukuncin, su tafi da kunya, ba su gaya wa kowa. Shirun nan nasu shi ke ba tsarin damar sake cika ɗakin taro mako mai zuwa.

Salon ba a nan aka ƙirƙire shi ba. A Amurka ya girma, kuma can ne aka fi samun alƙaluman da za a auna shi da su. A 1977 wani mai horar da 'yan ƙwallo a makarantar sakandare a jihar Jojiya, Art Williams, ya kafa kamfanin A.L. Williams. Dalilinsa na farko mai kyau ne: mahaifinsa ya rasu ya bar iyali da inshorar da ba ta taka kara ta karya ba, shi kuma ya ga kamfanoni na sayar wa talakawa takardu masu tsada marasa amfani. Sai ya tara malaman makaranta da ƙananan ma'aikata su riƙa tallar inshora mai rahusa bayan sun tashi aiki, kowa ya fara da danginsa, kowa ya kawo wasu. Kamfanin shi ne Primerica na yau, halastacce a dokar ƙasarsu, ana cinikin hannun jarinsa a kasuwar New York, kuma yana biyan iyalan mamata haƙƙinsu. Dole a faɗi wannan. Amma a duba alƙaluman da shi da kansa ya fitar: a 2023 mutum sama da 360,000 suka shiga a matsayin sababbin wakilai, waɗanda suka kai ga samun lasisi ba su cika 50,000 ba. Matsakaicin abin da yake biyan wakili mai lasisi a shekara bai kai dala 10,000 ba, kuma a cikin wannan lissafin an haɗa da manyan da ke kwasar miliyoyi, ba a kuma cire kuɗin mai da waya da tarurruka ba. A Amurka wannan ba ya riƙe mutum guda, balle iyali. Ina sauran dubu ɗari uku suka tafi? Sun biya kuɗin shiga, da yawansu sun miƙa sunaye, sun watse. Wani kamfanin mai irin wannan tsari, World Financial Group, ya shahara da samun wakilansa a cikin baƙi 'yan ci-rani, mutanen da ba su da kowa a baƙuwar ƙasa sai junansu, don haka maganar ɗan'uwa ke da nauyi a wurinsu.

Hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta daɗe tana kokawa da wannan. A 1979 ta yanke cewa kamfanin Amway ba haramtaccen tsari ba ne, bisa sharuɗɗan da ke tabbatar da cewa ana sayar wa mutanen waje kaya da gaske. Wannan hukuncin ne ƙofar da sauran suka bi. A 2016 ta sa Herbalife biyan dala miliyan 200 tare da sake fasalin yadda yake biyan wakilansa. A 2024 ma'aikatanta suka duba bayanan samu da kamfanoni 70 masu wannan tsari suka wallafa, suka tarar mafi yawan mahalarta dala 1,000 ko ƙasa da haka suke samu a shekara, da yawa ma ba sa samun komai. In haka abin yake inda ake tilasta wa kamfani fito da littattafansa, yaya zai kasance inda babu mai tambaya?

Ba sai an je Amurka ba ma, lissafin firamare ya isa. A ce kowa zai kawo mutum 5. Hawa na farko 5, na biyu 25, na uku 125, na huɗu 625, na biyar 3,125. A hawa na takwas ana bukatar mutum 390,625, a na tara kusan miliyan 2. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a haɗe ba su kai mutum 600,000 ba, har da jarirai da tsofaffi. Ko jama'ar sun ninka tun lokacin, hawa na tara ya fi ƙarfinsu. Hawa na goma sha biyu ya zarce miliyan 244, ya haɗiye Najeriya gaba ɗaya. Kuma a kowane lokaci aka tsayar da lissafin, kusan mutum huɗu cikin biyar suna hawan ƙasa ne, ba su da kowa a ƙarƙashinsu. Su ne masu biya. Ba ƙoƙari ko addu'a ke canza wannan ba, haka ginin yake. A ƙaramin gari ma abin ya fi saurin ƙarewa, domin sunaye ɗarin da Musa ya rubuta rabinsu su ne Isa ya rubuta. Kawunsu ɗaya, malaminsu ɗaya, surukansu ɗaya.

Najeriya ta riga ta sha wannan darasi a wasu rigunan. MMM na Sergei Mavrodi ya yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, da ƙarin lada ga wanda ya kawo wani, ya kuma rufe asusun mutane a Disambar 2016. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce kusan mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. InksNation da kuɗinsa na intanet mai suna Pinkoin ya ratsa Arewa da alƙawarin alawus na wata-wata har ƙarshen rayuwa. Hukumar kula da hannun jari, SEC, ta yi gargaɗi a kansa a 2020, EFCC ta nemi wanda ya kafa shi ruwa a jallo, ta kama shi a Sakkwato a 2021. CBEX ya ce zai ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rushe a Afrilun 2025. Akwai kuma matasan Afirka ta Yamma, daga Gana da Gini da Kwaddibuwa da Najeriya, da aka yaudara da aikin ƙasar waje da sunan QNET, aka cunkusa su a ɗakuna ana sa su kiran gida a sayar da fili a turo kuɗi. Kamfanin yana cewa 'yan damfara ne ke ɓata masa suna. Waɗannan ba inshora ba ne, wasunsu ma babu wani kaya a cikinsu ko kaɗan. Abin da ya haɗa su da maganarmu shi ne ƙofar da suka shigo ta cikinta: babu ɗaya da ya zo ta bakin baƙo.

Ni a ganina, in aka ɗora wannan salon a kan inshora, cutarwarsa ta fi ta masu tallar maganin ƙarin lafiya da man shafawa. Mai sayen sabulu ko shayin rage ƙiba yana riƙe da kayansa a hannu, cikin mako zai gane ko an cuce shi. Mai sayen inshora alƙawari ya saya, kuma ba a gwada alƙawarin sai ranar baƙin ciki: ranar da shago ya ƙone, ko maigida ya rasu, ko aka kwantar da yaro a asibiti. Tsakanin ranar biya da ranar gwaji ana iya shekara biyar. A lokacin yaron da ya kawo takardar ya daɗe da barin harkar, ogansa ya canza lamba, takardar kuwa da Turancin lauyoyi aka rubuta ta, wanda shi kansa yaron bai taɓa karantawa ba. Bai yi wa kawunsa ƙarya da gangan ba. Abin da aka haddace masa ya maimaita.

Yadda ake biyan kamasho a inshorar rai shi ma yana ƙara wa wutar mai. A al'adar wannan kasuwa kaso mafi girma na kamashon yana fitowa ne daga kuɗin shekarar farko, abin da ke biyo baya kaɗan ne. Saboda haka ribar wakili tana cikin sa hannun sabon mutum, ba cikin kula da tsohon ba. Ba ruwan oga da ko manomin da aka sa wa biyan wata-wata yana ganin kuɗi ne sau ɗaya a shekara, bayan kaka, in ya kai masara ko waken suya kasuwar Ɗandume. Ƙa'idar inshora a Najeriya a fili take: in babu biya, babu kariya. Wanda ya biya wata shida ya kasa, takardarsa ta mutu, kuma a irin wannan ɗan lokaci yawanci ba a mayar masa da komai, ko da an tallata masa ita da sunan adashi ko asusun karatun yara. A wasu kamfanonin, in mai saye ya daina biya da wuri, ana bin wakili bashin kamashon da aka riga aka ba shi. Sai yaro ya fita da bashi a wuya da kuma kunyar dangi.

A yi tunanin wannan a yankin da rayuwa ke yankewa ba sanarwa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, su ma suna ciki, aka yi watanni babu kira babu tura kuɗi. Mutumin da ya ɗauki alƙawarin biya kowane wata ta waya, da me zai biya, ta ina kuma? Sannan takardun inshora da yawa suna ware asarar da yaƙi ko ta'addanci ko tarzoma suka jawo, sai in an sayi ƙarin kariya ta musamman. Mutumin Faskari da ya tuna harin Kadisau na 2020, ko uban da ɗansa ke cikin ɗalibai sama da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, abin da yake tsoro sananne ne. In aka sayar masa da takarda ba a gaya masa ko ta rufe wannan abin ko ba ta rufe ba, an ci amanarsa, ko kamfanin na da lasisi ko ba shi da.

Masu wannan harka sun san cewa babban shingen da ke gabansu a ƙasar Hausa addini ne, don haka suka koyi kalmominsa. Za ka ji ana cewa ba riba a ciki, taimakon juna ne, takafuli ne, malamai sun halasta. Gaskiyar magana tana bukatar a rarrabe. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci ta saɓa wa shari'a saboda gararin da ke cikinta, ta kuma amince da inshorar taimakekeniya, wadda aka fara kamfaninta na farko a Sudan a 1979. A Najeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takafuli a 2013, ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016, wasu suka biyo baya. Takafuli na gaske yana da kwamitin malamai masu sa ido, yana ware asusun mahalarta daga na masu kamfani, kuma in an samu rara ana raba musu. Wannan game da kayan ne. Hanyar tallar kuwa hukuncinta daban: kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya, a shekarar 1425 bayan Hijira, ya haramta ciniki mai tsarin dala da na kawo-mutum, bisa hujjar cewa kayan fakewa ne kawai, abin da ake nema shi ne kamashon, kuma akwai riba da garari da cin dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba. Akwai malaman da suka sassauta in babu kuɗin shiga kuma ba a tilasta saye. Amma ban ga yadda za a yi wani malami ya halasta kiran mutum intabiyu alhali taron talla ne, ko nuna masa motar da aka san mutum ɗaya cikin dubu ba zai samu ba. Halaccin kaya ba ya wanke algus a wajen talla.

Haka ma maganar takardu. Abu na farko da ake ɗagawa a taro shi ne satifiket na CAC, wani lokaci har da na sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram. Rajistar CAC shaida ce cewa akwai kamfani mai wannan suna, ba izinin sayar da inshora ko karɓar jarin jama'a ba ce. Izinin inshora a hannun NAICOM yake, hukumar da aka kafa a 1997, wadda ke wallafa sunayen kamfanonin da ta ba lasisi a shafinta na intanet, kuma doka ta ce shi kansa wakilin sai da nasa lasisin. Inshorar lafiya tana ƙarƙashin NHIA, a jihar Katsina kuma akwai hukumar kiwon lafiya ta taimakekeniya, KTSCHMA. Katin lafiyar da ba shi da alaƙa da waɗannan abin tuhuma ne. Dokoki ma an sabunta su. A Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar zuba jari da ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ta fara daga naira miliyan 20, ko duka biyun, ga masu tsarin damfarar a-karɓa-a-wajen-wannan-a-ba-wancan. A Agusta ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003. Sai dai doka tana Abuja, ofishin shiyya na NAICOM yana Kano, mutumin Sabuwa kuwa ko hada-hadar banki yawanci sai ya je Funtuwa ko ya tsaya wajen mai POS. Kuma wa zai kai ƙara? Ɗan ƙanwarsa?

Nan ne asarar da ta fi damuna take. Kuɗin rajista ana mayar da shi in Allah ya hore. Amma mutanen wannan yanki da zumunci suke rayuwa a zahiri, ba a baki ba. In aka sace mutum, dangi ne ke karo-karo a haɗa kuɗin fansa. In aka tashi ƙauye, a gidan ɗan'uwa a Funtuwa ko Malumfashi ake sauka. Adashi da gayya da gudunmawar biki da ta rasuwa su ne inshorar da talaka ya sani tun kaka da kakanni, kuma duk a kan yarda suke tsaye. Saurayin da ya zagaye danginsa da takardar da ta zama asara ya taɓa wannan jarin. Gobe in ya zo da bukata ta gaskiya, ko da shawara mai kyau, za a saurare shi da kunne ɗaya. An ɗauki abin da ya fi kowane abu amfani gare shi an mayar da shi kamashon wani da ke zaune a birni.

Asara ta biyu ta al'umma ce. Inshora a Najeriya ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasa ba, a Arewa abin ya fi haka ƙasa. Abin da yawancin mutane suka sani game da ita shi ne takardar da ake nuna wa ɗan sanda a hanya, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, wadda kuma shekara da shekaru ake buga jabunta ana sayar wa direbobi. Alhali kuwa manomin auduga da masara, da mai shagon da gobarar kasuwa ke iya mayarwa fanko cikin dare ɗaya, da mai motar haya, su ne suka fi kowa bukatar kariya ta gaskiya. Tun 1987 gwamnatin tarayya ke da shirin inshorar noma, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa, amma manoma nawa ne a Sabuwa aka taɓa zaunar da su aka yi musu bayaninsa da Hausa? Duk gidan da aka cuta da sunan inshora ko takafuli, an rufe ƙofarsa ga na gaskiyar har tsawon zamani guda. Kamfanonin ƙwarai ya kamata su fi kowa tsanar wannan salon, kuma duk wanda a cikinsu ya ga saurin yaɗuwar da tsarin kawo-mutum ke bayarwa ya yi kwaɗayi, ya sani kasuwarsa ta gobe yake ƙonawa.

Ban yarda a ɗora laifin a kan matasan ba. Ana yawan cewa kwaɗayi ne da son banza. Yaron da ya ranci kuɗin mota, ya goge rigarsa, ya bi hanyar da ake tare mutane don ya je intabiyu, aiki yake nema. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne ga wanda ya ma samu. Mai gaya wa irin wannan yaro cewa ya haƙura da zaman kashe wando bai ba shi komai ba, mai kwat ɗin nan kuwa ya kira shi da suna, ya tafa masa, ya ce yana da daraja. Sai an fahimci wannan yunwar kafin a iya raba shi da su.

Akwai abin da liman da hakimi da dagaci da malamin makaranta za su iya yi ba tare da jiran Abuja ba, wato su koya wa mutane tambaya. Saurayin da aka gayyata ya tambayi sunan kamfani da lambar lasisinsa kafin ya hau mota, ya tambaya ko akwai albashi ko kamasho ne zalla, ya kuma ji ko zai iya samun abin rufin asiri in bai kawo ko mutum ɗaya ba. In aka ce sai ya zo zai ji, amsa ta samu. Kawun da aka kawo wa baƙo shi ma yana da haƙƙin cewa, "Malam, bar mini takardar in kai wa wanda zai karanta mini, ka dawo bayan mako guda," kuma kada ya tura kuɗi asusun wani mutum sai na kamfani. Wakilin gaskiya ba ya jin haushin wannan. Gidajen rediyon Katsina da Funtuwa da Kaduna, waɗanda ake saurare har a ƙauyukan da waya ba ta kaiwa, su ma su daina karɓar tallar aikin da ba ta ambaci sunan mai ɗauka ba.

Babban aikin dai na NAICOM ne, kuma ba mai tsada ba ne. Kowane kamfani mai wakilai hawa-hawa ya san adadin mutanen da ya ɗauka bara, da nawa ne suka samu lasisi, da nawa suka rage bayan wata goma sha biyu, da abin da na tsakiyarsu ya samu bayan an cire abin da ya kashe, da kuma yawan takardun da suka mutu kafin su shekara. Alƙaluman nan suna cikin kwamfutarsa. Hukumar ta wajabta a buga su a jikin kowace tallar ɗaukar wakilai, a kuma karanta su da Hausa a farkon kowane taro, kafin a karɓi sisin kowa ko a miƙa masa takardar rubuta sunaye. Kamfanin da ya ƙi, a janye lasisinsa, a kuma sanar da sunansa a rediyo.